Yayata ba ta taɓa shan sigari ba, amma kansar huhu ta ɗauke ta: gidanmu ne sanadi?

Assalamu alaikum Anti. Wata 5 ke nan da rasuwar yayata. Kansar huhu ce ajalinta, alhali ko karan sigari ɗaya ba ta taɓa sa wa a baki ba. Muna cikin jinya wani likita ya tambaye mu ko an taɓa auna iskar radon a gidan da take zaune. Ranar na fara jin sunan. Gidan da ta shekara 22 a ciki shi ne muke ciki yanzu, ni da maigida da yaranmu 3, kuma ɗakinta na ƙasa shi ne ɗakin barcin yaran. Tun daga ranar ba na barcin kirki. Na ce wa maigida mu tashi, ya ce mutuwa lokaci ce, shi bai ga wata iska ba, bai ji warinta ba. Yana shan sigari, wani lokacin har a falo. Na yi wa maƙwabtana biyu maganar, ɗaya ta yi dariya, ɗayar kuma mijinta ya aiko a gaya mini in daina, kada in karya darajar gidajen mutane. Anti, gidan ne ya kashe yayata? Mu tashi? Ko in ja bakina in yi shiru kamar yadda aka ce?

Ƙanwar marigayiya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinta. Wata 5 ba komai ba ne a wajen wanda ya yi jinya da hannunsa, don haka ban ga laifinki ba a kan rashin barcin nan.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu, ga abin da ya tsaya mini a rai: ke kina tsoro, maigida yana musu, maƙwabci yana aiko da kashedi, amma duk cikinku babu wanda ya san ko iskar nan tana da yawa a gidan ko ba ta da shi. Ana ta ja-in-ja a kan abin da ɗan ma'aunin da bai kai tafin hannu ba zai raba gardamarsa. Saboda haka duk tambayoyinki uku daga wuri ɗaya amsarsu za ta fara: ki auna gidan. Kada ki ɗaure kaya, kada ki sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa, sai lambar gidanki ta zo hannunki.

Amma bari in fara gaya miki ita radon ɗin mece ce, tunda likita ya ambaci sunanta ya bar ki da zulumi.

A cikin ƙasa da duwatsu, kusan ko'ina a duniya, akwai ɗan burbushin ma'adinin yuraniyom. Wani wurin kaɗan ne, wani wurin da dama, musamman inda ake da dutsen giranit. Yuraniyom ba ya zama yadda yake. A hankali yake rikiɗewa daga wannan sinadari zuwa wancan, har ya zama radiyom, radiyom kuma ya haifi radon. Duk sauran a daskare suke cikin dutse, radon ce kaɗai iska, don haka ita ke samun hanyar silalowa ta fito sama. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Maigida bai yi ƙarya ba da ya ce bai gan ta ba, bai ji warinta ba, domin babu ɗan Adam da ya taɓa ji. In a fili ta fito, iska na kwashe ta ta watsar, ba ta taruwa. Matsalar tana tasowa ne in ta fito a ƙarƙashin gini. Iskar cikin gida in ta yi ɗumi sama take tashi, sai gidan ya riƙa zuƙo iskar ƙasa don cike gurbinta: ta tsagar daɓe, ta inda bango ya haɗu da daɓe, ta gefen bututun ruwa da na wayar lantarki, ta bakin magudana. In ɗakin a rufe yake sai ta taru. Shi ya sa ɗakunan da ke manne da ƙasa suka fi tara ta, kuma ta fi yawa da dare, da lokutan da ake rufe tagogi, ko don sanyi ko don na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratso dutse shi ma yakan ɗauko ta ya sake ta a iska wajen wanka da wanki, amma galibi wadda ke shigowa ta daɓe ce babba.

Ita kanta radon ba ta daɗewa, cikin kwana 3.8 rabinta ya rikiɗe. Abin da take zama, irin su poloniyom, ƙananan ƙwayoyi ne da ke manne wa ƙura da hayaƙi. Mutum ya shaƙe su, su maƙale a hanyoyin numfashi, su riƙa harbin naman huhu da wani nau'in radiyeshin, wato tartsatsin ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ake kira alfa. Alfa ko takarda ba ta iya hudawa, fatar jiki ma tana tare ta, amma can cikin huhu babu abin da zai tare. Harbi a kan harbi, shekara da shekaru, har wata rana ƙwayar halitta guda ta lalace ta fara hayayyafa ba tsari. Kansar ke nan. Ki riƙe wannan da kyau: aikin shekaru ne. Radon ba ta sa ciwon kai, ba ta sa jiri, ba ta kashe mutum cikin barcinsa. Wanda ke kisa a dare ɗaya hayaƙin janareto ne ko na gawayi a rufaffen ɗaki, wannan kuwa wata magana ce daban. Yaranki ba za su wayi gari da wani abu ba don sun ƙara 'yan watanni a gidan kafin sakamako ya fito.

Maƙwabciyar da ta yi dariya wataƙila ta ɗauka sabon tsoro ne aka ƙirƙiro. Tun ƙarni na 16 ake rubuta labarin masu haƙar ma'adinai a yankin Schneeberg na Jamus da ke mutuwa da ƙuruciyarsu da wani ciwon ƙirji da suke kira ciwon dutse. A 1879 likitoci biyu suka gano kansar huhu ce, tun kafin a san akwai wata iska wai ita radon. A 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Abin da ya farkar da mutane cewa ba a ramin ma'adinai kaɗai take ba ya faru ne a ƙarshen 1984, a jihar Fensilbeniya ta Amurka. Wani injiniya mai suna Stanley Watras yana aiki a tashar nukiliya ta Limerick, sai na'urar da ke binciken radiyeshin a jikin ma'aikata ta riƙa yin ƙara duk lokacin da ya zo wucewa. Aka duba, ba a wurin aiki ya kwaso ba. Da aka bi shi gida aka auna, sai aka tarar da radon a gidansa ta ninka abin da ake ɗauka da haɗari sau ɗaruruwa. Na kawo miki labarin ne saboda ƙarshensa: an fitar da iyalin na ɗan lokaci, aka gyara gidan, suka koma ciki. Gidan da ke cikin mafi muni da aka taɓa aunawa ma gyaruwa ya yi.

To, gidan ne ya kashe Yaya? Babu likitan da zai iya ce miki e, babu kuma wanda zai iya ce miki a'a. Kansar da radon ta jawo ba ta da wani tambari da ya bambanta ta da sauran, kuma babu gwajin jini da ke nuna yawan radon da mutum ya shaƙa a rayuwarsa. Likitan ya yi tambaya mai kyau, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma bayan sigari tana sahun gaba. A Amurka hukumar kare muhalli ta ƙiyasta mutum 21,000 take kashewa a shekara, kimanin 2,900 daga cikinsu ba su taɓa shan sigari ba. Amma wanda ba ya shan sigari yakan kamu ta wasu hanyoyin: hayaƙin sigarin wani, hayaƙin itace ko gawayi a rufaffen wuri, gurɓatacciyar iskar gari, ƙurar asbesto da ake samu a wasu kayan rufi da silin, wani lokaci kuma daga halittar jiki ne kawai. In kin auna lambar ta fito ƙasa, zargin gidan ya yi rauni ƙwarai. In ta fito sama, to mai yiwuwa ta ba da gudummawa, amma ko a nan ba hukunci ba ne. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki ɗora wa kanki ko wani a dangi laifi. Ba ku san sunan abin ba ma sai a gadon asibiti.

Batun tashi kuwa, ban goyi baya ba a yanzu. In kun tashi ba ku auna ba, ina tabbacin gidan da za ku koma bai fi wannan yawa ba? Gida biyu na iya haɗa katanga, ɗaya lambarsa ƙasa, ɗaya sama, saboda bambancin ƙasar da ke ƙarƙashinsu da yadda aka zuba daɓensu. Tsohon gida da sabo duk tana shiga. Sai dai in akwai ɗaki a bene, ko wani da iska ta fi ratsawa, ki mayar da yaran can tun yau. Ba zai ci ki komai ba, kuma ke ma za ki samu ki runtsa.

Ma'aunin iri-iri ne. Wanda na fi so ki nema shi ne na dogon lokaci: ɗan ƙoƙon roba ne da wani ɗan falle a ciki, duk alfa da ta harbe shi sai ta bar tabo. Ba ya buƙatar wuta ko batir. Ana ajiye shi wata 3 ko fiye, sannan a mayar wa ɗakin gwaje-gwajen da ya bayar, su ƙirga tabon su aiko da lamba. Dalilin wata 3 shi ne radon hawa da sauka take yi, ta rana daban, ta dare daban, ta wannan mako ba ta wancan ba, abin da ke cutarwa kuma matsakaicin abin da ake shaƙa ne a tsawon lokaci. Akwai na gajeren lokaci, na kwana 2 zuwa 7, mai gawayi a ciki. Yana da amfani in hankali ya ƙi kwanciya, amma sai an rufe tagogi da ƙofofin waje tun awa 12 kafin a fara har a gama, ana shiga da fita kawai, kuma duk abin da ya nuna sai an tabbatar da na dogon lokaci. Akwai kuma na lantarki mai nuna lamba a fuskarsa, wanda za mu dawo kansa in mun zo maganar maƙwabta. Ki tambayi hukumar da ke kula da radiyeshin ko muhalli a ƙasarku, ko sashen fiziks na jami'a mafi kusa, su nuna miki inda ake samun sahihi. In ta intanet za ki saya, ki tabbatar ɗakin gwajin da zai karanta shi yana da shaidar amincewa, kuma kuɗin karantawa na cikin abin da kika biya.

Ki sayi biyu, ɗaya a ɗakin Yaya, ɗaya a falon da kuka fi zama. Ki ɗora shi a kan kanta ko teburi, aƙalla rabin mita daga ƙasa, nesa da taga da ƙofar waje da fanka, inda rana ba ta dukansa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ban da kicin da banɗaki, saboda tururi da danshi na ɓata awo. Kada ki sa shi cikin durowa. Daga nan ku ci gaba da zamanku yadda kuka saba. Kada ki riƙa wangale tagogi don lamba ta yi kyau, kada kuma ki toshe ko'ina don ki nuna wa maigida kin yi gaskiya. Iskar da kuke shaƙa a kullum ita ake so a auna.

Lambar za ta zo ne da bekarel, wato ma'aunin yawan radiyeshin, a kowane mita kubik na iska. A fili yawanci 5 zuwa 15 ne. Babu gidan da ke da sifiri, don haka kada gabanki ya faɗi don kin ga 40 ko 60. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su ɗauki 100 a matsayin iyaka, inda hakan ba zai yiwu ba kada a wuce 300. Birtaniya da Kanada a 200 suke cewa a yi gyara. Amurka da wani ma'auni take amfani, pikokuri a lita, iyakarta 4, wanda ya yi daidai da bekarel 148. Ba wai a 99 lafiya lau, a 101 halaka ba. Haɗarin a hankali yake hawa, kimanin kashi 16 cikin 100 a kan wanda mutum ke da shi tun asali, duk lokacin da aka ƙara bekarel 100. Ni dai in gidana ne, ƙasa da 100 sai in kwantar da hankalina. Tsakanin 100 da 200 in toshe tsagogi, in ƙara wa ɗakunan ƙasa hanyar iska, in sake aunawa. Daga 200 zuwa sama in nemi mai gyara ba tare da jan ƙafa ba.

Gyaran ba rushe gida ba ne. Hanyar da ta fi aiki ita ce a huda daɓe a wuri ɗaya, a yi ɗan rami a ƙarƙashinsa, a sa bututu da ƙaramar fanka mai aiki dare da rana, ta riƙa zuƙe iskar ƙasa tana fitar da ita ta saman rufi kafin ta shigo ɗaki. In an yi shi daidai yakan sauke lambar ƙwarai, a wasu gidajen har kusan duka. Bututun da ba fanka ma yakan rage fiye da rabi. Liƙe tsagogi yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin iska na samun ƙofar da ido bai gani ba. Buɗe taga na ragewa muddin tana buɗe, da an rufe cikin sa'o'i ta dawo. Turare, shukar cikin ɗaki, da na'urar tace ƙura ba sa hana ta shigowa, kada wani ya karɓe miki kuɗi da sunansu. Bayan gyara a sake aunawa, don ba a yarda da aiki sai lamba ta shaida. Wanda kuma bai yi gini ba tukuna, tun ran gini tun ran zane: shimfiɗa leda mai kauri da sa bututu kafin a zuba daɓe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, ke kuma a layi ɗaya kika wuce ta: sigarin maigida. A 2005 masana suka haɗa bincike 13 daga ƙasashen Turai 9, suka fitar da lissafin da nake so ki karanta a nutse. Cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan sigari ba, kimanin 4 ne za su kamu da kansar huhu kafin shekara 75 in babu radon sam, 5 in gidan na da bekarel 100, 7 in yana da 400. Cikin masu shan sigari 1,000 kuwa, 100 ne in babu radon, 120 a bekarel 100, 160 a bekarel 400. Kin ga ke nan wanda ya fi kowa shiga haɗari a gidan nan shi ne mai cewa babu komai. Sigari da radon in sun haɗu ƙara wa juna ƙarfi suke yi, har an ƙiyasta haɗarin radon ga mai shan sigari ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Ko da awo ya nuna gidanku lafiya lau, hayaƙin falon nan da yara ke shaƙa yana nan.

Amma kada ki tunkare shi da waɗannan lambobi kamar mai karanta masa takardar tuhuma, kuma kada ki mayar da rasuwar Yaya sandar dukansa. Da ya ce mutuwa lokaci ce, ki amsa masa da cewa haka ne, domin haka ɗin ne. Sai dai shi ma yana kulle ƙofa da dare, yana kai yara asibiti in zazzaɓi ya kama su, bai taɓa ganin hakan ya ci karo da imaninsa ba. Ina zaton abin da ya ji a bakinki shi ne "mu tashi", wato ɗawainiya da kashe kuɗi da barin gida a kan abin da ba a gani, dole ya turje. Ki sauke buƙatar. Ki samu lokacin da ransa ke sake ki ce masa: "Na janye maganar tashi. Abu biyu kawai nake roƙo. Ka bar ni in ajiye wannan ɗan abin wata 3, in ya nuna ba komai ba za ka sake jin maganar a bakina ba. Sigarin kuma, don Allah a riƙa sha a waje saboda yara." Da wuya mai hankali ya ƙi wannan. Maganar dainawa gaba ɗaya ki bar ta sai lamba ta fito, kuma zai fi jin ta daga bakin likita. In yana da tarin da ya wuce mako 3, ko jini a majina, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, ko rama ba dalili, wannan ba ya jiran wani awo, asibiti za a je.

Saura maƙwabta. A'a, ba na ce ki yi shiru ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, to wanda ya fara ganin hayaƙin ai bai kamata ya ɓoye ba. Amma ki duba abin da kika kai musu a karon farko: sunan da ba su taɓa ji ba, labarin mutuwa, da tsoro, babu abin yi a ciki. Mutum in aka ba shi tsoro ba a ba shi mafita ba, ko ya yi dariya ko ya yi faɗa, kin kuwa ga duka biyun. Mijin maƙwabciyarki ba mugu ba ne, gidansa wataƙila shi ne duk abin da ya tara a duniya. Damuwarsa tana da amsa: lambar gida sirrin mai gida ce, ba wanda zai sani sai ya faɗa, gyaran kuma ƙarami ne in aka kwatanta da darajar gini. A wurare da dama a Amurka awon radon ya zama ɓangare na cinikin gida, gidan da aka auna aka gyara kuwa mai saye ya fi natsuwa da shi.

Bayan wata 3 za ki koma musu da wani abu daban. Ki nuna musu ɗan ƙoƙon, ki gaya musu inda kika ajiye shi, ki faɗi lambar da ta fito ko mai kyau ce ko maras kyau, da abin da kika yi a kai. Gani ya kori ji. Ki fara da mutum ɗaya ko biyu da kuke shiri, musamman masu kwana a ɗakunan ƙasa da waɗanda ke da mai shan sigari a gida. Ki nemi wata ma'aikaciyar jinya ko malamin kimiyya da mutane ke ganin girmansa ya yi bayanin a inda jama'a suka saba haɗuwa, domin abin da za a yi wa ƙanwar mamaciya uzurin baƙin ciki a kai, in ya fito daga bakinsu sauraro za a yi. In mutane sun nuna sha'awa, ku haɗa kuɗi ku sayi ma'aunan a tare, ko ku sayi na lantarki guda ɗaya ya riƙa zagayawa gida-gida, kowa ya riƙe shi mako biyu ko fiye, wanda lambarsa ta yi sama ya bi da na wata 3. A Kanada da Amurka akwai ɗakunan karatu da ke ba da aron irin wannan na'ura kamar yadda suke ba da aron littafi. Kada ki manta da makarantar yara da wurin aiki, tunda nan ma sa'o'i masu yawa ake yi a ɗakunan ƙasa. Mai haya kuma ya sanar da mai gida a rubuce, da kwafin sakamakon.

Abu uku ki kiyaye bakinki daga gare su. Kada ki ce radon ce ta kashe Yaya, tunda ba ki da tabbacin haka, kuma ranar da wani ya kama ki da ƙari, sauran gaskiyar taki ma ta zube. Kada ki ce duk unguwar na cikin haɗari don gidanki ya nuna sama, ko ki ce kowa lafiya don ya nuna ƙasa, kowane gida da lambarsa. Kada kuma ki kai lambar gidan wani gaba, ko da shi ya nuna miki da kansa. Abin da za ki riƙa faɗa gajere ne: akwai wata iska da ke fitowa daga ƙasa, tana jawo kansar huhu in an daɗe ana shaƙa, ba a ganinta sai an auna, awon ba wuya, in ta yi yawa ana gyarawa. Wanda ya ƙi ji ki rabu da shi lafiya, wataƙila shi zai zo neman aron na'urar in ya ga na kusa da shi ya gwada.

Ranar da kika buɗe ma'aunin, ki rubuta kwanan wata da sunan ɗakin a jikinsa, ki sa tunatarwa a wayarki don kada ranar ɗaukewa ta wuce, kuma ki mayar da shi ɗakin gwaji da wuri cikin jakar da ya zo da ita. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini da lambobin ɗakunan biyu, mu duba tare abin da ya kamata a yi. Ki gaishe mini da yaran.